Fashin Baƙi: Zaman da Ake Yi a Sakatariya Kafin Katafila Ta Iso

Duk lokacin da aka ce wani babban aiki zai ratsa garuruwanmu, ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi ne, ko bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ko sabon titin Sakkwato zuwa Badagry, maganar da take fara cika majalisu ita ce diyya: nawa za a biya, kuma sunan wa ya fito. Sai bayan an fara aiki, ruwa ya canza hanya ya kwanta a gonar wani, ko an datse burtali, sannan a ji mutane suna cewa ba wanda ya tambaye su. In suka kai kuka, amsar da ake ba su kusan ɗaya ce: "Ai an tuntuɓi ƙaramar hukumarku tun farko." To, wace tuntuɓa ce wannan? A wane mataki ake yin ta, wa ya kamata ya zauna, kuma me ya sa zaman awa 3 a sakatariya yake iya yanke abin da gari zai rayu da shi shekara 50?

Binciken tasirin muhalli da shatarsa

Kafin a fara babban aiki a Najeriya, doka ta wajabta a binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da itatuwa da dabbobi da rayuwar mutanen wurin. Ma'aikata suna kiran binciken EIA a taƙaice. Dokar ita ce mai lamba 86 ta shekarar 1992, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take kula da ita tun da aka kafa ma'aikatar a 1999. A ƙarshen dokar an jero ayyukan da ba makawa sai an yi musu binciken: gonar da ta kai hekta 500, aikin noman da zai tayar da iyalai 100 ko fiye, madatsar ruwan da faɗin tafkinta ya kai hekta 200, aikin ban ruwa na hekta 5,000, sabon layin dogo, babban titi, bututun mai ko na gas da ya wuce kilomita 50, da makamantansu.

Binciken yana da matakai. Mai aikin zai yi rajista da ma'aikatar, a tantance nauyin aikin, sannan a zo matakin da muke magana a kansa, wato shata iyakar bincike. Bayan shi ne ƙwararru suke fita daji su ɗebi samfurin ƙasa da ruwa, su auna iska da ƙara, su yi tambayoyi gida-gida, galibi sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani. Daga nan a rubuta rahoto, a baje shi ga jama'a, kwamitin masana ya zauna a kansa, sannan a ba da takardar amincewa tare da sharuɗɗa, ko a mayar da shi a gyara.

Shata iyakar bincike shi ne wurin da ake zaɓar tambayoyin da binciken zai amsa. Daga ina zuwa ina tasirin aikin zai kai? Waɗanne garuruwa za a shiga? Me za a auna, me za a bari? Akwai wata hanya ko wani wuri da aikin zai iya bi maimakon wanda aka zana? Amsoshin su ake zubawa a takardar sharuɗɗan bincike, kuma da wannan takardar kamfanin ƙwararru yake aiki, a kanta ake yi masa kuɗi. Abin da bai shiga cikinta ba, da wuya wani ya kashe fetur ya je dubo shi. Abin da ba a duba ba, ba ya fitowa a rahoto. Abin da babu a rahoto kuwa, ba za a ware masa kuɗi a kwangila ba. Tun ran gini ran zane.

Inda dokar ta samo asali

Amurka ce ta fara irin wannan doka, wadda ta soma aiki a farkon 1970. A Najeriya, abin da ya tayar da gwamnati shi ne sharar masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta ta yanzu, a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, shekara 4 bayan nan dokar binciken ta fito.

Amma mu a Arewa mun riga mun ga darasin kafin Koko. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978. Manoma sun rasa gonaki da gidaje, rigimar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Waɗanda suke ƙasan madatsar kuma wata asarar ta same su a hankali, ba tare da ƙarar bindiga ba: ambaliyar da take shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Su ba a taɓa gonarsu da katafila ba, don haka ba su cikin lissafin kowa.

Me ya kawo ƙaramar hukuma cikin maganar?

Ba ita take ba da izinin aikin ba, kuma ba ta da ikon hana shi. Wannan yana hannun Abuja, ƙasa kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ta amana a hannun gwamna. Duk da haka akwai dalilan da suka sa ba a tsallake ta.

Na farko, dokar ta 1978 ɗin ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da ta nemi amincewar gwamna ba. Ke nan idan ana neman sanin wane fili ne na wa, ina aka keɓe makiyaya, ina burtali ya bi, wane daji ne na al'umma, a sashen gona da sashen filaye na sakatariya ya kamata a fara. Na biyu, kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da ƙananan hanyoyi, tare da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Waɗannan su ne abubuwan da babban aiki yake fara takawa. In aka kafa sansanin ma'aikata ɗaruruwa a gefen ƙauye, ƙaramin asibitin ƙauyen ne zai cika, rijiyar burtsatsen ƙauyen ce za ta yi layi, tifofi kuma hanyar kasuwar ƙauyen za su farfashe.

Na uku shi ne wanda na fi ba wa nauyi. Ɗan kwangila zai gama ya naɗe kayansa, kamfanin ƙwararru ya koma Abuja ko Legas, amma sakatariya tana nan. Ramin da aka haƙa aka ɗebi burji aka bari a buɗe, da damina ya cika ya zama kududdufi mai zurfin da yake cin yara, ƙofar ciyaman za a kai gawar, ba ƙofar wanda ya haƙa ba. Wanda zai gaji matsala ya cancanci a ji bakinsa tun ana zana ta.

Abin da na gani a wani zama

Na taɓa halartar irin wannan taro a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, a kan wani titi da zai ratsa ƙauyuka da dama. Takardar gayyata ta iso kwana 2 kafin ranar, ranar kuma ta faɗo a ranar kasuwar babban ƙauyen da abin ya fi shafa. An jera fararen kujerun roba, an tayar da janareta, aka haska taswira a bango. Saurayin da ya yi bayani ya san aikinsa, amma da Turanci ya yi, wani ma'aikaci yana fassara jimla ɗaya cikin biyar. Ciyaman ya yi maraba, ya roƙi a ɗauki matasan yankin aiki, aka tafa, ya nemi afuwa ya fita zuwa wani taron. Takardar sa hannu tana ta zagayawa.

Can da aka ce ko akwai mai tambaya, wani dattijo da ya rako dagacinsu ya miƙe, ya tako har gaban bangon, ya ɗora yatsa a kan jan layin. Ya ce: "Yallaɓai, a gafarce ni. Nan da layinku ya bi, ina ruwa zai wuce?" Saurayin ya duba takardunsa ya ce: "Baba, taswirarmu ba ta nuna rafi a nan ba." Dattijon ya ce: "Ɗana, yanzu babu. Ka dawo a watan Agusta. Ruwan tudun nan uku duk ta nan yake sauka, sai ya kai wa babban mutum ƙugu. Shi yake cika fadamar da muke dasa albasa da rani. In kun ɗaga ƙasa a nan ba ku bar masa ƙofa ba, zai koma cikin gari, fadamar kuma ta bushe."

Ɗakin ya yi tsit. Injiniyan ya ɗauki biro ya rubuta, ya tambayi sunan wurin, dattijon ya faɗa masa sunan da ba ya cikin kowace taswira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan maganar ta minti 2 ita ce duk amfanin zaman ranar, kuma da dagacin bai zo da shi ba, da an tashi da hotuna da sa hannun mutum kusan 60, a rubuta cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk ɗakin babu ardo ko ɗaya, kuma matan da suke wurin ba su wuce ma'aikatan sakatariyar ba.

Ciyaman ba shi ne gari ba

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, kuma daga ɓangarori biyu. Masu aiki suna ɗaukar gaisuwar ban girma a ofishin ciyaman a matsayin tuntuɓa. Jama'a kuma suna ɗauka tunda shugabanninsu sun halarta, an isar da damuwarsu. Dokar 1992 kanta ta ambaci hukumomin gwamnati daban, ta ambaci jama'a da masana da ƙungiyoyin da abin ya shafa daban, ta ce a ba kowa damar faɗin albarkacin bakinsa kafin a yanke hukunci. Sa hannun ɗaya ba ya wadatar wa ɗaya.

Ciyaman ɗan siyasa ne mai wa'adi. Shekaru da yawa ma a jihohi da dama kantomomi ne da gwamna ya naɗa, abin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi 774. Mutumin da gwamna ya ɗora a kujera, ko wanda yake neman tazarce da yardar gwamna, da wuya ya tsaya gaban baƙi ya ce aikin da gwamna yake alfahari da shi yana da aibu. Ba sai ya kasance mugu ba. Matsayinsa ne ya ɗaure masa baki.

Ilimin da binciken yake buƙata yana ƙasa da ofishinsa. Yana wurin shugaban sashen gona da malaman gona da suka san wace fadama ake nomawa sau biyu. Yana wurin duba-gari da jami'in lafiya da suka san ƙauyen da amai da gudawa yake fara ɓulla in ruwa ya gurɓace. Yana wurin hakimi da dagaci da mai unguwa, waɗanda suka san tsohuwar maƙabartar da ciyawa ta rufe, da gonar da ake shari'a a kanta tun kakanni. Yana wurin sarkin noma da sarkin ruwa da ardo.

Akwai kuma waɗanda ko masu sarauta ba sa tunawa da su sai an tambaya. Makiyayin da yake ratsa yankin sau biyu a shekara ba ya gari ranar taro, amma layin dogo mai shinge in bai bar masa mashiga ba, garkensa zai bi ta gonar mutane, abin da yake biyo baya kuwa ba sai an faɗa wa ɗan Arewa ba. Matar da take tsintar kaɗanya ko take sarrafa kalwa ta yi daddawa ba ta da gona a layin, amma itatuwan da za a sare su ne jarinta. Wanda yake noma gonar aro ko haya ko jingina, sunan mai gonar ne zai fito, shi kuma ya tashi hannu rabbana. Irin waɗannan mutane sai an bi su inda suke, da harshensu, mata kuma a zauna da su daban, domin mace ba za ta miƙe gaban hakimi da surukanta ta yi gardama da injiniya ba.

Ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba

Kuskuren da ya fi tsada a wajen shata bincike shi ne a tsaya kan ƙananan hukumomin da aikin ya zauna a cikinsu kawai. Ga titi ko layin dogo, wannan yana iya kusan wadatarwa. Layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, garuruwan da zai bi sanannu ne: Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallaka Nijar. Amma ga aikin ruwa, wanda abin ya fi shafa yana iya zama a wata jiha.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 duk a jihar Kano suke, kuma Kano ta ci moriyarsu a ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai sun canza yadda ruwa yake isa dausayin Haɗeja da Nguru. A da ruwa yana zuwa da ƙarfi da damina, ya malale, ya janye da rani. Da ya koma yana tafiya a hankali duk shekara, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar tsuntsaye jan-baki masu cinye hatsi. Mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru da Gashuwa ne suke biyan wannan. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi, Yobe da Borno suke ɗaga murya, kuma ruwan nan na Komadugu, kogin da Jama'are yake zubawa a cikinsa, har mutanen Diffa a Nijar suna sha. Zaman shata bincike kan irin wannan aiki da aka yi shi a Ningi kaɗai, inda madatsar za ta zauna, ba a taka Gashuwa da Gaidam ba, ya bar rabin tambayoyin a waje.

A Nijar ma akwai hukumar ƙasa mai duba irin wannan bincike, kuma suna da wani abu da muke da buƙatar irinsa: kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta haifar, tun daga matakin ƙauye har na gunduma, inda manomi da makiyayi da mai sarauta da ma'aikacin gwamnati suke zama tare su rubuta wane fili ne na wa, ina hanyar dabbobi ta bi.

Hujjar masu aikin

Su ma suna da abin faɗa, kuma ba duka ne son zuciya ba. Suna cewa da zarar an nuna taswira a sakatariya, kafin mako ya zagayo sai a ga an kafa tubala da bukkoki a kan layin, an dasa itatuwa cikin dare, masu hannu da shuni sun saye gonakin talakawa da araha don su karɓi diyya. Wannan yana faruwa, kuma sau da yawa labarin daga cikin sakatariyar yake fita. Suna cewa taron yakan rikiɗe ya zama na neman aiki da kwangilar kawo yashi, ba mai maganar muhalli. Suna kuma kukan rashin tsaro a wasu yankuna, da ƙarancin bayanai a ofisoshin da ba su da ko taswirar burtalansu.

A ganina maganin 'yan cuwa-cuwa ba ɓoye taswira ba ne, domin ɓoyewar ce take ba mutum 5 da suka sani damar cutar dubban da ba su sani ba. In aka yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a da coci da rediyo a rana ɗaya, aka sanar da ranar da aka rufe ƙidayar kadarori, mai gona ba zai sayar da arha ba, mai kafa bukkar dare kuma ya san asara zai yi.

Inda na fi ganin rauni shi ne ayyukan gwamnati kanta. An sha sukar cewa ana ƙaddamar da aiki, katafila ta shiga, binciken yana biye a baya. Irin wannan ce-ce-ku-cen ya taso sosai a 2024 kan titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. In an riga an ja layi an ba da kwangila, tambayar ko akwai wata hanya ta mutu, zaman ya zama ihu bayan hari. Hukuncin dokar ma bai da haƙori: tarar kamfanin da ya karya ta ba ta wuce naira miliyan 1 ba, kuɗin da bai kai na tayoyin tifa ɗaya ba a yau. Ayyukan da Bankin Duniya yake ba wa bashi sun fi tsauri, don ƙa'idojinsa na 2018 sun wajabta rubutaccen tsarin tuntuɓar masu ruwa da tsaki da hanyar shigar da ƙorafi, kuma bankin yana iya riƙe kuɗi.

Abin da ya rage a hannun jama'a

Zaman shata bincike ba zaman diyya ba ne. Diyya tana da nata ƙidayar, kuma a dokar 1978 ana biyan abin da mutum ya ɗora a kan ƙasa ne, kamar gini da amfanin gona da itatuwa masu kawo kuɗi. Gari in ya ƙarar da damarsa yana tambayar kuɗi, ya bar kwalbati da mashigar shanu da wurin tsallakar 'yan makaranta da cike ramukan burji, zai karɓi kuɗin da zai ƙare a shekara ɗaya ya zauna da matsalar da ba ta ƙarewa.

Ƙungiyar cigaban gari da ta ji ƙishin-ƙishin aiki tana iya zama tun kafin baƙi su iso, ta zagaya da dattawa da ardo da mata, ta rubuta hanyoyin ruwa da burtalai da maƙabartu da rijiyoyi da filin Idi da sunayen da mutane suka san su da su. A kai takardar ranar taro, a miƙa wa wakilin Ma'aikatar Muhalli hannu da hannu, a karɓi kwafi mai hatimi. A nemi a karanta abin da aka rubuta na zaman da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri kafin kowa ya sa hannu. Kansila yana da damar neman takardar sharuɗɗan binciken bayan an amince da ita, ya duba ko abin da mutanensa suka faɗa ya shiga.

In wannan ta wuce, saura ƙofa ɗaya. Bayan an rubuta rahoton, ana baje shi kwanakin aiki 21 a ma'aikatar muhalli ta tarayya da ta jiha da sakatariyar kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, tare da sanarwa a jarida da rediyo. Kundi ne mai kauri, da Turancin masana, kuma sau da yawa yana zaune a kan teburin wani ofishi har wa'adin ya cika ba wanda ya buɗe shi. Malamin sakandare ɗaya ko ɗalibin jami'a ɗan garin ya isa ya nemi babin da aka jero tuntuɓar da aka yi da wanda aka jero matakan rage illa, ya duba ko sunan ƙauyensu yana ciki, ko an sa kwalbati a inda ruwan Agusta yake sauka, ya rubuta abin da ya gani ya kai wa ma'aikatar kafin kwamitin masana ya zauna.